Jan Jinsen, Jinsen na Amurka, Dang Shen ko Huang Qi: Wace Saiwa ce ta Dace da Gajiyarka?

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon masu sayar da magungunan ƙasar Sin, ko aka kawo masa tsarabar shayi daga Guangzhou, ya ga hoton wata saiwa mai kama da mutum, da hannuwa da ƙafafu, a jikin kwali. Ita ce jinsen, wadda ake rubutawa ginseng. Mai shago zai ce maka tana kawar da kasala, tana ƙara kuzari, tana gyara namiji. Abin da ba kasafai yake faɗa ba shi ne, a wurin likitocin gargajiya na Sin jinsen ɗaya ce kawai cikin fitattun saiwoyi huɗu da ake ba mai raunin jiki, kuma ita ce suka fi yin taka-tsantsan da ita. Sauran ukun su ne jinsen na Amurka, da dang shen, da huang qi. Kowace da mutanenta. Ni a ganina mafi yawan masu sayen jan jinsen mai tsada ba shi ne ya dace da su ba, kuma dalilin haka yana cikin littattafan Sinawan da kansu.

Sai an fahimci abin da Sinawa ke nufi da rauni kafin zaɓin ya yi ma'ana. Suna da kalmar qi, ana furta ta kamar "ci", wadda ke nufin ƙarfin da ke tafiyar da jiki: numfashi, narkar da abinci, ɗumin jiki, da iya tare cuta. Wanda qi ɗinsa ya yi ƙasa, a bayaninsu, shi ne mai gajiya ko bai yi aikin komai ba, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya sha'awar abinci, bayan gidansa ruwa-ruwa, zufa na karyo masa da ɗan motsi kaɗan. Sannan suna raba magunguna gida-gida: mai zafi, mai ɗumi, matsakaici, mai sanyi-sanyi, mai sanyi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga batun zafi da sanyi a harkar magani, amma kada a haɗa su, domin abin da muke kira ciwon sanyi daban yake da abin da Basine ke nufi. Shi yana magana ne a kan yadda magani ke juya jiki, ko ya ɗumama shi ya tayar da shi, ko ya kwantar da shi ya jiƙa shi. Wannan ba ma'aunin asibiti ba ne, ba a kuma gwada qi a ɗakin gwaji. Sai dai ƙa'ida ce da aka gina a kan lura ta ɗaruruwan shekaru, kuma a wurare da dama gargaɗinta ya zo daidai da abin da binciken zamani ya gano.

Jinsen na Asiya, wanda Sinawa ke kira ren shen

Sunansa a kimiyyance Panax ginseng. Asalinsa dazuzzukan arewa maso gabashin Sin ne da Koriya, wurare masu tsananin hunturu, kuma har yau lardin Jilin, a gindin duwatsun Changbai, shi ne cibiyar nomansa a Sin, kamar yadda Geumsan take babbar kasuwarsa a Koriya ta Kudu. Tsohon kundin magunguna na Shennong, wanda aka tattara a zamanin daular Han kusan shekara 2,000 da suka wuce, ya lissafa magunguna 365 a matakai uku, ya sa jinsen a matakin sama. Tsiro ne mai nawar girma. Sai ya yi shekara huɗu zuwa shida a ƙasa, ƙarƙashin rumfa, kafin a tone shi, gonar da aka tone shi kuma sai ta huta shekaru kafin ta sake karɓarsa. Daga nan tsadar ta samo asali.

Iri biyu ake samu a kasuwa. Idan aka wanke saiwar aka shanya ta kawai, shi ne farin jinsen. Idan aka turara ta tukuna sannan aka busar, sai ta koma ja-ja mai ƙyalli kamar ƙaro, ta yi tauri, shi ne jan jinsen, wanda Koriyawa suka yi fice da shi. Turarawar tana sauya wasu daga cikin sinadaran da ake kira jinsenosayid, kuma a hukuncin gargajiya tana ƙara masa zafi. Farin mai ɗan ɗumi ne, jan kuwa ya fi shi ɗumi sosai.

Wa ake ba shi? A littattafansu, mutumin da ƙarfinsa ya ƙare da gaske: wanda ya tashi daga doguwar jinya, tsoho mai sanyin hannu da ƙafa, wanda ya zubar da jini mai yawa. Akwai ma wani haɗi da babu komai cikinsa sai jinsen shi kaɗai, ana dafa shi da kauri a ɗura wa wanda ke neman suma, a zamanin da babu ƙarin jini ko ƙarin ruwa. Maganin ceto ne, ba na shan yau da gobe ba. Kundin magunguna na hukumar Sin ya ƙayyade giram 3 zuwa 9 a rana idan likita ne ya rubuta a dafa. Da gwamnatin Sin ta amince a shekarar 2012 a sa jinsen na gona cikin abinci, sai ta tsaida iyaka a giram 3 a rana, ta kuma ce bai dace da mai ciki, da mai shayarwa, da yaro ɗan ƙasa da shekara 14 ba.

Sinawa suna da karin magana mai cewa jinsen yakan kashe mutum ba a ga laifinsa, saiwar da suke kira "da huang" kuwa (ba huang qi ba), wadda ke sa gudawa, takan ceci rai ba a yaba mata. Wani likitansu na ƙarni na 18, Xu Dachun, ya yi kakkausan rubutu a kan wannan, inda ya koka cewa iyalai na sayar da abin hannunsu don su saya wa majinyaci jinsen, alhali ciwon ba na rauni ba ne, a yi asarar dukiya a kuma yi asarar rai. Hujjarsa ita ce, idan cuta na nan daram a jiki, zazzaɓi ko kumburi ko majina, maganin ƙara ƙarfi yakan rufe ta a ciki ne. Ko da mutum bai karɓi wannan bayanin ba, darasin a aikace gaskiya ne: mai zazzaɓi magani yake bukata, ba abin ƙara kuzari ba.

Illar da aka fi samu a binciken zamani ita ce rashin barci. Bayanta akwai ciwon kai, bugun zuciya, ɓacin ciki, wasu kuma haɓo. A 1979 wani mai bincike a Amurka ya bi diddigin mutum 133 masu shan jinsen, ya bayar da rahoton hawan jini da rashin natsuwa da rashin barci a wasunsu. An soki binciken saboda da yawansu suna haɗawa da kofi da makamantansa, wasu kuma suna shan abin da ya wuce kima. To amma wannan sukar ita kanta gargaɗi ce gare mu. Mutumin da ke tauna goro tun safe, ya sha shayi mai kauri da la'asar, ya ƙara da lemon ƙara kuzari a kan hanya, shi ne daidai wanda jan jinsen zai hana barci ya tayar masa da zuciya. Likitocin Sin ma sun daɗe suna hana haɗa shi da shayi mai ƙarfi.

Sai batun da ya fi sayar da shi, wato ƙarfin maza. A 2021 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen magani, ta haɗa bincike 9 da aka yi a kan maza 587 masu raunin gaba. Ta samu cewa bambancin jinsen da ƙwayar da ba magani a cikinta ƙanƙane ne ƙwarai a ma'aunan da likitoci ke amfani da su. Saboda haka duk shayi ko kofi ko kafso mai hoton jinsen da ya yi aiki cikin rabin sa'a, abin a tsaya a yi tambaya ne, domin saiwar ba ta aiki haka. Zan dawo kan wannan.

Jinsen na Amurka, xi yang shen

Labarinsa na da daɗin ji. Wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna Pierre Jartoux, da ke zaune a Sin, ya rubuta wasiƙa a 1711 yana siffanta jinsen, ya ce mai yiwuwa a same shi a dazukan Kanada tunda yanayin ya yi kama. Wani ɗan'uwansa a aikin mishan, Joseph-François Lafitau, ya karanta, ya shiga nema, ya same shi kusa da Montreal a 1716. Kafin a jima saiwar ta zama hajar fatauci. Jirgin ruwan Amurka na farko da ya je kasuwanci Sin, a 1784, babban kayansa jinsen ne, kimanin tan 30. An yi ta tonon na daji har ya yi ƙaranci, shi ya sa tun 1975 yake cikin tsirran da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke sa ido a kan cinikinsu. Yau ana noma shi a jihar Wisconsin ta Amurka da lardin Ontario na Kanada, ana kuma noma shi a Sin ɗin kanta.

Ɗan'uwan na Asiya ne na jini, Panax quinquefolius, amma rabon sinadaransu ya bambanta, kuma Sinawa sun sa shi a gidan masu sanyi-sanyi. Suna ba wanda gajiyarsa ta zo da bushewar baki da maƙogwaro, da jin zafi a jiki, da ƙishirwa, da rashin natsuwa; mutumin da rana ta gasa, ko ya kwana yana aiki, ko zazzaɓi ya sake shi ya bar shi a bushe. Ba banza ba mutanen Guangdong da Hong Kong da Singafo, inda ake fama da zafi, suka fi karkata gare shi. Wanda ke zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder a watan Afrilu, in dai da ma'aunin Sinawa za a bi, ya fi kusa da wannan siffar fiye da ta tsohon da ke rawar ɗari a Jilin. Adadin da kundin hukuma ya bayar giram 3 zuwa 6 ne. Yawanci ana yanka shi siriri-siriri, a jiƙa 'yan yanka a ruwan zafi a sha, a tauna ragowar.

Cikin huɗun nan, shi ne yake da gwaji mafi tsafta a kan gajiya. A 2013 aka wallafa wani bincike da masana asibitin Mayo suka jagoranta a Amurka, a kan mutum 364 masu ciwon daji ko waɗanda suka gama jinyarsa. An ba rabi miligiram 2,000 na garin saiwar kullum, rabi kuma ƙwayar da ba komai. A mako na huɗu bambancin bai fito sosai ba, amma a mako na takwas masu shan jinsen sun fi samun sauƙin gajiya. A lura da abu biyu: sai da aka yi wata biyu, kuma a ƙarƙashin kulawar likitocinsu aka yi.

Hatsarinsa biyu ne manya. Na farko, yana rage ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini da ake ba masu matsalar zuciya ko gudan jini. An tabbatar da haka a gwajin Jami'ar Chicago na 2004 a kan mutum 20 masu lafiya: bayan mako biyu da shan jinsen, aikin warfarin a jininsu ya ragu. Ga wanda aka sa wa ƙarfe a zuciya, wannan raguwar na iya zama shanyewar ɓarin jiki. Na biyu, yana saukar da suga bayan cin abinci, kamar yadda gwaje-gwajen Jami'ar Toronto suka nuna. Wani zai ji wannan ya ce ai alheri ne. Alheri ne in likita ya sani. Mai ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide, ya sha jinsen da sahur, ya wuni da azumi, yana iya faɗuwa kafin la'asar. Na Asiya ma yana da wannan halin, don haka gargaɗin ya shafe su duka.

Wanda cikinsa ke da sanyi, mai yawan gudawa da kumburi, su ma Sinawa ba sa ba shi wannan. Sannan tunda ya fi farin jinsen na Asiya tsada, akan yanka na Asiyan a sayar da sunansa, kuma idan an riga an yanka, ido kaɗai ba ya rabewa sai na gwani.

Dang shen

Duk da "shen" da ke cikin sunanta, ba dangin jinsen ba ce ko kaɗan. Codonopsis pilosula ce, tsiro mai yaɗo da fure kamar ƙararrawa, kuma babu jinsenosayid a cikinta. Sunan ya fito ne daga yankin Shangdang na lardin Shanxi, ko da yake yanzu Gansu ce ta fi noma ta. Saiwa ce doguwa, mai laushi, mai zaƙi-zaƙi in an tauna. Matsakaiciya ce, ba zafi ba sanyi. Ita ce abin da likitocin Sin ke sawa a madadin jinsen a yawancin haɗe-haɗen yau da kullum, misali shahararren haɗin nan na zamanin daular Song mai magunguna huɗu, wanda ake ba mai raunin ciki da rashin cin abinci. Sai dai a ninka adadin, giram 9 zuwa 30. Abin da ba ta yi shi ne aikin ceto. Ba wanda ke ba mai suma dang shen.

Gaskiya binciken zamani a kanta a jikin mutane kaɗan ne, kuma ba mai ƙarfi ba. Abin da ke gare ta shi ne doguwar shaidar tukunya: a kudancin Sin miyar kaza da dang shen da jan dabinon Sin, wanda ɗan'uwan magaryarmu ne, abincin gida ne da uwa ke dafa wa 'ya'yanta. A ƙarshen 2023 hukumomin lafiyar Sin suka shigar da ita, tare da huang qi da jinsen na Amurka, cikin jerin abubuwan da ake ɗauka abinci ne kuma magani. Ga mai saye, abin lura shi ne wasu 'yan kasuwa na turara ta da farar wuta don ta yi haske kada ƙwari su ci. In ka shinshina ka ji tsami-tsami mai shaƙe hanci, ko ka ga ta yi fari fiye da kima, ka bar ta.

Huang qi

Wannan dangin wake da gyaɗa ce, Astragalus membranaceus, daga Mongoliya ta Gida da Shanxi da Gansu. Ana sayar da ita a yanke, falle-falle masu rawaya kamar ɗan katakon da likita ke danne harshe da shi, tana ƙamshin ɗanyen wake. Mai ɗan ɗumi ce. Bambancinta da sauran, a bayanin Sinawa, shi ne su suna cika ƙarfi daga ciki, ita kuwa tana ɗaga shi sama tana tsare bakin ƙofa. Shi ya sa ake ba mai yawan zufa ba dalili, da wanda mura ba ta barinsa, da mai kumburin ƙafa na rauni, da mai gyambon da ya ƙi warkewa. Likita Li Dongyuan, wanda ya rayu daga 1180 zuwa 1251, ya gina sanannen haɗinsa na masu raunin ciki a kanta. Akwai kuma haɗin da ake ba wanda jininsa ya yi ƙasa, kashi biyar na huang qi da kashi ɗaya na wata saiwa mai suna dang gui, a bisa fahimtarsu cewa sai da ƙarfi jiki ke ƙera jini. Adadinta giram 9 zuwa 30.

An yi gwaje-gwaje da yawa a kanta a Sin, musamman a ciwon ƙoda da tallafa wa masu jinyar ciwon daji, amma masu tace bincike sun sha cewa yawancinsu ƙanana ne kuma tsarinsu na da rauni. Don haka ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita a ciwon ƙoda. Kuma tunda tana iya zaburar da garkuwar jiki, wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin danne garkuwa, ko mai ciwon da garkuwar jikinsa ke yaƙar kansa, ya nisance ta sai da izinin likitansa. A gargajiyance ma ana dakatar da ita da zarar mura ko zazzaɓi ya kama. Ta rigakafi ce a wurinsu, tsakanin ciwo da ciwo.

To wace za a ɗauka?

In gajiyarka ta rashin cin abinci ce da nauyin ciki, ba ka da wani ciwo da aka sani, ba ka shan wani magani, dang shen a cikin miya ita ce mafi sauƙin kuɗi kuma mafi ƙarancin fitina. In abin da ke damunka zufa ce da mura a kai a kai, huang qi ta fi kusa, kuma ana haɗa su biyun a tukunya ɗaya da kaza da citta. In jikinka zafi yake, bakinka na bushewa, barcinka ba nauyi, jinsen na Amurka ne Sinawa za su nuna maka, kaɗan, da safe. Jan jinsen kuwa na bar wa tsoho ko mai murmurewa daga doguwar jinya, mai jin sanyi, wanda aka auna jininsa aka ga bai hau ba. Matashi mai jini a jika da ke neman ƙarin kuzari ba ya cikin lissafin kowane littafi nasu. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara, duka huɗun a ajiye. Wanda za a yi wa tiyata ya faɗa wa likita, ya kuma daina sha mako ɗaya zuwa biyu kafin ranar. Mai shan maganin damuwa irin phenelzine kada ya kusanci jinsen.

Akwai wasu da ke aron sunan jinsen, kuma suna rikita mai saye. Wanda ake kira na Siberiya wani tsiro ne daban, Eleutherococcus, har dokar Amurka ta 2002 ta hana a rubuta masa sunan ginseng. San qi na lardin Yunnan ɗan gidan Panax ne na gaskiya, amma aikinsa a wurinsu na jini ne, tsayar da zubarsa da narkar da tararre, ba na gajiya ba. Dang gui da ake tallata wa mata da sunan jinsen ɗin mata tana ƙara ƙarfin warfarin ne, akasin na Amurka, wato tana iya jawo zubar jini. Ka nemi sunan kimiyya a jikin kwali. In babu, ba ka san abin da ka saya ba.

Siffar da ka saya ta fi irin saiwar muhimmanci

Da za a ce in zaɓi gargaɗi ɗaya, wannan zan ɗauka. Saiwa sukutum ko yankakkiya wadda idonka ke gani ta fi aminci a kan gari, gari ya fi kafso da ba a san kamfaninsa ba, mafi hatsari kuma shi ne haɗin da aka yi wa alkawari mai yawa. A Taiwan an gwada samfur 2,609 na magungunan gargajiya a farkon shekarun 1990, aka samu kusan kashi 24 cikin 100 an cusa musu maganin asibiti a ɓoye. A Kalifoniya, a 1998, an duba 260 da aka shigo da su daga Asiya, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗauke da maganin da ba a bayyana ba ko ƙarafa masu guba kamar dalma da zaiba. A Singafo, a 2008, mutum 150 da ba su da ciwon suga aka kwantar a asibiti saboda sugansu ya faɗi warwas, bayan sun sha magungunan ƙarfin maza na bayan fage, ciki har da masu iƙirarin na ganye ne, waɗanda aka gano an zuba musu glibenclamide. Huɗu sun rasu. Abin da aka fi cusawa a irin waɗannan kayan shi ne sildenafil, wato maganin asibiti na raunin gaba, kuma ga mai ciwon zuciya da ke shan maganin buɗe jijiya na nitrate, haɗuwarsu na iya kayar da jini har lahira.

Ko ba a yi algus da gangan ba, kuskuren suna ma na kisa. A birnin Brussels na Beljiyam, a farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba ya ba mata haɗin da ya kamata a ce akwai saiwar han fang ji a ciki, sai aka kawo guang fang ji, mai ɗauke da gubar aristolochic acid. Fiye da mata 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da ciwon dajin mafitsara da hanyoyin fitsari. Kalma ɗaya ce ta raba sunayen biyu.

Sannan a duba abokan tafiya. Haɗe-haɗen Sinawa da yawa na ɗauke da gan cao, saiwar zaƙin nan da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake jiƙawa a sha da azumi a Masar. Kaɗan ɗinta a haɗi na 'yan kwanaki ba komai, amma shanta kullum na makonni yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya zubar da sinadarin potassium, ya hau da jini. Mai hawan jini da ke shan ƙwayar sa fitsari ya kula ƙwarai. Wasu ruwan jinsen na kwalba kuma da giya ake jiƙa su, don haka mai kiyaye addininsa ya karanta abin da aka rubuta. A Najeriya lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a kan maganin gargajiya tana da amfani, amma galibi shaida ce cewa an duba lafiyar shansa, ba tabbacin cewa yana warkar da abin da aka lissafa ba.

In ka samu saiwa mai kyau, ka ajiye ta a busasshen wuri cikin kwalba mai murfi, domin damina na sa ta fumfuna, wadda ta yi fumfuna kuwa zubarwa ake yi, ba wankewa ba. A dafa a tukunyar ƙasa ko ta tangaran a wuta kaɗan-kaɗan. Sinawa ba sa dafa magani a tukunyar baƙin ƙarfe. Ka fara da mafi ƙarancin adadi, iri ɗaya tak, da safe, don in wani abu ya faru ka san mai laifi. In kana da na'urar awon jini ko ta suga, ka riƙa dubawa a makon farko. Bayan wata biyu ka tsaya ka ga ko akwai bambanci.

Kafin duk wannan akwai matakin da ba na so a tsallake. Likitan gargajiya na Sin ba ya rubuta saiwa sai ya ga harshe, ya taɓa jijiyar hannu, ya yi tambayoyi masu yawa, kuma a manyan asibitocin gargajiya na Sin a yau ana haɗawa da gwajin jini da hoto. Mai saye daga kanti ba shi da ko ɗaya. A ƙasashenmu kuwa gajiyar da ta wuce mako uku tana da sanannun iyaye: ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da bai mutu ba, ciwon suga, ciwon hanta, tarin fuka, hawan jinin da ya fara taɓa ƙoda ko zuciya. Awon yawan jini, da na suga, da na hawan jini, da gwajin ciwon hanta, ana yinsu a yini ɗaya a yawancin asibitocin gari. Matar da jininta ya yi ƙasa bayan haihuwa ƙwayar ƙarin jini da abinci mai kyau take bukata, kuma babu ɗaya cikin saiwoyin nan huɗu da ke da sinadarin ƙarfen da zai cike mata wannan giɓin. In sakamakon ya fito lafiya, ko likita ya san ciwonka ya kuma ga sunan saiwar a rubuce ya ce ba ta karo da magungunanka, sai ka je kasuwa da sunan kimiyyarta a takarda, ka ce a nuna maka saiwar kanta.